Yadda Mace Za Ta Bi Diddigin Ɗaukewar Sha'awa Kafin Ta Zuba Kuɗi a Kayan Mata

Wata mata ta taɓa shigowa ɗakin da nake duba masu tazarar haihuwa, da goyo a bayanta, yaron bai fi wata bakwai ba. Muka gama maganar allura, na miƙa mata katinta, amma ba ta tashi ba, sai murza bakin hijabinta take yi. Can ta ce, "Sista, don Allah akwai maganin sanyi mai ƙarfi?" Na tambaye ta ko tana ganin fitar ruwa ko ƙaiƙayi, ta ce a'a. Sai ta zuge jaka ta zazzage mini leda a kan tebur: gumba, garin da ake sha da nono, tsumi a robar lemo, da ƙullin matsi har uku. Ta ce, "Duk na sha, duk na yi. Amma wallahi in ranar girkina ta zagayo, tun daga la'asar gabana ke faɗuwa."

Ba sanyi ke damunta ba. Shayarwa ce ta sauke mata wani sinadari a jiki har gabanta ya bushe, ga ɗinkin ƙarin da aka yi mata wajen haihuwa bai daina zafi ba, ga matsin da take cusawa yana daɗa ƙona wurin. Irinta suna da yawa a garin nan, a cikin gari da Fagge da Hotoro da Kurna, masu boko da waɗanda ba su yi ba. Wata ta ce sammu kishiya ta yi mata, wata ta ce namijin dare ne ya aure ta, wata kuma ta yi shiru ta ɗora wa kanta laifi. Kunya ado ce ga mace, amma Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Ki karanta wannan da irin zuciyarsu, 'yar uwa, ki bi shi daki-daki.

Mataki na farko: ki tantance ko ma akwai matsala

Mata da yawa suna auna kansu da ma'aunin namiji. Suna zaton lafiyayyiyar mace ita ce wadda sha'awa ke taso mata haka kawai tana cikin wanke-wanke. A shekarar 2000 wata likita a ƙasar Kanada mai suna Rosemary Basson ta bayyana abin da mata suka daɗe da sani a jikinsu ba su da bakin faɗa: a wurin mata da yawa, musamman waɗanda suka daɗe a ɗakin aure, sha'awa ba ita ke fara zuwa ba. Natsuwa ce ke fara zuwa, sai kalami mai daɗi da wasa, sannan sha'awar ta biyo baya. In haka kike, wato ba kya fara nema amma in an bi da ke a hankali jikinki yana amsawa kuma kina jin daɗi, to lafiyarki ƙalau.

Likitoci suna kiran abin lalura ne in ya haɗa abu biyu: ya kai wata shida ko fiye, kuma yana damun ki ke kanki a ranki. Sati biyu na gajiya bayan biki ko bayan zazzaɓi ba ya cikin lissafi.

Mataki na biyu: ki samu ɗan littafi

Littafin makaranta na yara ma ya isa. A shafin farko ki amsa tambaya ɗaya, domin ita ce rabin aikin: yaushe abin ya fara? Ki tuna da kyau. Bayan haihuwar wane yaro ne? Bayan an canza miki allurar tazara? Bayan an ɗora ki a kan maganin hawan jini? Bayan rasuwar Hajiyarku, ko bayan maigida ya ƙaro aure? Ko kuwa tun daren farko ba ki taɓa jin komai ba sai azaba? Kowace amsa hanyarta daban.

Daga nan ki riƙa rubutawa har tsawon al'ada biyu: ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, yawansa, ranakun da kika ji ɗan motsi, ranakun da aka kusance ki da ko kin ji zafi da inda kika ji shi, da awa nawa kika yi barci. Mata da dama suna lura cewa sha'awarsu tana ɗagawa a tsakiyar wata, wajen kwana 14 kafin al'ada ta gaba, lokacin da ƙwai ke fita. In kin ga haka a littafinki, alama ce mai kyau cewa sinadaran jikinki suna aiki, sai a nemi matsalar a wani wuri.

Mataki na uku: ki san 'yan aiken da ke cikin jininki

Homon wasu sinadarai ne da wata gaɓa ke ƙerawa ta zuba a jini, su kai saƙo ga wata gaɓar, kamar yaron da ake aike daga wannan gida zuwa wancan. Huɗu ne suka fi shafar maganarmu.

Istirojin shi ne babba a nan. Ma'ajiyar ƙwai guda biyu da ke gefen mahaifa ne ke samar da shi, kuma shi ke riƙe fatar cikin gaban mace da kauri da laushi da danshi, wato abin da muke kira ni'ima. Da zarar mabiyiya ta faɗi bayan haihuwa, istirojin yana faɗuwa ƙasa warwas. In kina shayarwa kuma sai ya daɗe bai farfaɗo ba, saboda na biyu, wato furolaktin. Wannan yana fitowa ne daga wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ana ce masa fituwitari. Aikinsa kawo ruwan nono, amma yana kuma danne fitar ƙwai, ya danne istirojin, ya danne sha'awa. Shi ya sa mai goyo da yawa ba ta ganin al'ada na watanni, kuma shi ya sa take bushewa. Mu da muke shayarwa har wajen shekara biyu, sannan wata kafin ta yaye ta samu wani cikin, sai mace ta shafe shekara takwas ko goma jikinta bai taɓa komawa daidai ba, ta ɗauka haka Allah Ya halicce ta. Kada wannan ya sa ki yaye yaro ba lokacinsa ba. Bushewar tana da magani, zan zo kai, kuma abin yana sauƙi da kansa in yaro ya fara cin abinci ya rage tsotso.

Amma in ba kya shayarwa, ko kin yaye da daɗewa, sai ki ga ruwa kamar nono yana fita in kin matsa, ga al'ada tana tsallake watanni, to furolaktin ya hau ba bisa ƙa'ida ba. Wani lokaci ɗan ƙari ne ya fito a fituwitari, wanda galibi ba kansa ba ne kuma ƙwaya tana ƙanƙantar da shi, wani lokaci kuma magani ne ya jawo. In ya haɗu da ciwon kai mai naci da raguwar gani ta gefen ido, kada ki kwana biyu ba ki je asibiti ba.

Akwai wata lalura ta wannan ɗan ƙullin da nake so kowace ungozoma da kowace uwa a Kano ta sani, domin zubar jini wajen haihuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Macen da ta zubar da jini mai yawa har ta suma ko aka yi mata ƙarin jini, daga baya ruwan nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, gashin hammata da na mara ya kakkaɓe, kullum tana cikin kasala da jin sanyi, sha'awa kuwa babu ita sam. Ana ce wa wannan ciwon Shihan, fituwitari ne ya rasa jini ya lalace. Sau da yawa sai a shekara ana yi wa irin wannan mata rubutu da hayaƙi, alhali ƙwayoyin da za su maye gurbin sinadaran da ta rasa suna nan.

Na uku testostaron. Mutane sun ɗauka na maza ne kaɗai, amma mace ma tana da nata ɗan kaɗan, daga ma'ajiyar ƙwai da kuma wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman ƙoda. Yana raguwa a hankali da shekaru, kuma yana faɗuwa farat ɗaya in aka yi tiyata aka cire ma'ajiyar ƙwai duka biyu. Sai dai ki riƙe wannan: awon testostaron a jini ba ya nuna wace mace ce mai sha'awa, wace ce marar ita. Kada ki yarda a karɓe miki kuɗi da sunan wannan awo shi ne zai warware komai.

Na huɗu sinadarin tayirod, daga gaɓar da ke gaban wuya, wadda in ta kumbura muke ce mata maƙoƙo. In ya yi ƙasa komai na jiki yana tafiyar hawainiya: gajiya, ƙiba ba tare da ƙarin ci ba, jin sanyi ko a watan Afrilu, bushewar fata, zubewar gashi, taurin bayan gida, jinin al'ada mai yawa. Yakan taso wa wasu a shekarar farko bayan haihuwa, sai a ce ai wahalar goyo ce.

Sai kuma tsayawar al'ada. Yawanci tana zuwa ne tsakanin shekara 45 da 55, kuma ana tabbatar da ita in an yi wata 12 cur ba a ga jini ba. Shekarun da ke gabaninta al'ada takan rikice, zafi ya riƙa tasowa daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya karyo cikin dare ko a tsakiyar hunturu, barci ya gagara. Zafin jikin yakan wuce bayan wasu shekaru, amma bushewar gaba ba ta wucewa da kanta, ƙaruwa take. Iyayenmu da yawa sun tattara sun koma ɗakin jikoki saboda wannan, aka ce girma ne ya zo, alhali zafi ne ya kore su. Wadda al'adarta ta tsaya kafin shekara 40 kuwa dole ta ga likita, domin ƙashinta da zuciyarta ma suna buƙatar istirojin.

Mataki na huɗu: ki fara kawar da zafi

In ana jin zafi, maganar sha'awa ba ta ma taso ba. Wanda kullum yake ƙonewa a bakin murhu ba ya ɗokin hura wuta. Don haka tun kafin ki je asibiti, ki daina cusa komai a gabanki: matsi, alif, kanumfari, miski, kowane irin gari. Galibinsu tsotse ruwan wurin suke yi su kumbura fatar, kumburin ne ake ɗauka matsewa ce, daga nan sai ƙananan tsagewa da ƙwayoyin cuta. Ki daina wanke ciki da sabulu ko Dettol, ruwa zalla a waje ya wadatar.

Ki sayi man santsi mai ruwa-ruwa a kemis, irin su K-Y Jelly, ba ya buƙatar takardar likita, ki shafa kafin kwanciya. Basilin ba na nan ba ne, yana maƙalewa ya jawo cuta kuma yana fasa kororon roba. Kuma don girman Allah, kada kowa ya kai ki wurin wanzami a ce gishiri ne ya fito miki za a yanke. Yankan gishiri yana cikin abubuwan da suka kai mata sashen masu yoyon fitsari na Asibitin Murtala.

Mataki na biyar: ki tattara duk abin da kike sha ko shafawa

Ki zuba su a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har da man shafawa. Wasu magungunan damuwa da rashin barci suna kashe sha'awa, haka wasu na hawan jini, wasu na tashin zuciya da na ƙwaƙwalwa kuma suna ɗaga furolaktin. Tiramol da kodin suna danne sinadaran haihuwa kai tsaye. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma duk mun san kwalaben ba su ƙare a ɗakunan mata ba. In kina cikin masu sha, ki faɗa wa likita gaskiya, taimako yake so ya yi miki. Haka ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe da mayukan bilicin: da yawansu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda ke shiga jini ko ta fata, ya rikita al'ada, ya jawo sukari da hawan jini, ya kashe aikin gaɓoɓin nan na saman ƙoda. Wadda ta daɗe tana shan irin wannan ƙwaya kada ta yanke rana ɗaya, akwai haɗari, likita ne zai rage mata a hankali.

Maganar tazarar haihuwa tana buƙatar adalci. Yawancin mata ba sa ganin wani canji, wasu ma sha'awarsu ƙaruwa take saboda tsoron ciki ya gushe. Amma akwai waɗanda ƙwayar sha kullum ko allurar wata uku, Depo-Provera ko Sayana Press, ke rage musu ni'ima da sha'awa. In littafinki ya nuna abin ya fara ne bayan kin soma ɗaya daga ciki, kada ki daina kawai ki wayi gari da ciki a kan goyo. Ki koma inda aka ba ki ki ce a canza miki. Robar mahaifa mai jan ƙarfe ba ta da homon ko kaɗan.

Mataki na shida: asibiti, da abin da za ki ce

Ki fara da asibitin da ke kusa da ke, ɗakin tazarar haihuwa ko na awo, domin a nan za ki fi samun mace ki yi magana. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki sashen mata na Asibitin Murtala, ko na Nasarawa, wato Muhammad Abdullahi Wase, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, inda ake da likitocin sinadaran jiki. Kina da damar cewa mace kike so ta duba ki, ko a sa ma'aikaciyar jinya ta tsaya tare da ke.

Kada ki ce "sanyi", domin da kin faɗi haka za a rubuta miki maganin kashe ƙwayar cuta a sallame ki. Ki ce, "Likita, wata takwas ke nan ba na jin sha'awar maigidana, kuma ina jin zafi a bakin wurin." In baki ya yi nauyi, ki rubuta a takarda ki miƙa. Ki ajiye littafinki da ledar magungunanki a gabansa.

Abin da ya kamata a yi: a duba gaban da ido, a ga ko bushewa ce, ko tabon ɗinki, ko cuta. A auna hawan jini. A yi awon ciki in al'ada ta makara. A auna yawan jini, wanda ake kira PCV, domin ƙarancin jini daga haihuwa a kai a kai da maleriya da jinin al'ada mai yawa shi kaɗai ya isa ya kwantar da mace. A auna sukari, domin ciwon sukari yana busar da gaba kuma yana kawo ƙaiƙayin da ba ya jin magani. In alamu sun nuna, a auna TSH don tayirod, a auna furolaktin da safe bayan kin ɗan zauna kin huta ba tare da an matsa nonon ba, a auna FSH, sinadarin da ke nuna ko ma'ajiyar ƙwai tana aiki, in ba ki kai 40 ba al'ada ta tsaya. Wadda ta haura 45 da alamun da na lissafa a sama galibi ba ta buƙatar awon jini kafin a gane tsayawar al'ada ce. Ki ambaci jini bayan kwanciya, ko jinin da ya dawo bayan al'ada ta tsaya, ko da ɗigo ne, domin a duba bakin mahaifa.

Ki kuma faɗi halin da zuciyarki ke ciki. In kuka yana zuwar miki ba dalili, abinci ba ya daɗi, ba kya son ganin kowa, har jaririn ma ba kya jin sa a ranki, wannan ciwon damuwa ne, yana kama masu jego da yawa, kuma yana warkewa.

Mataki na bakwai: magani

Kowane dalili da nasa. Ƙarancin tayirod ƙwaya ɗaya ce kowace safiya kafin karin kumallo. Hawan furolaktin akwai ƙwayoyin da ke sauke shi, al'ada ta dawo. Ƙarancin jini a ba ki maganin ƙarin jini na watanni, ki haɗa da hanta, wake, zogale da alayyahu, ki raba shan shayi da lokacin cin abinci domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. Bushewar tsayawar al'ada akwai man istirojin da ake sakawa a gaba, kaɗan ne ke shiga jini, yana aiki cikin 'yan makonni, amma likita ne zai rubuta, musamman ga wadda ta taɓa kansar nono.

Viagra, wadda ta fito a 1998, jini take turawa gaban namiji, ba ta sa wa mace sha'awa. A Amurka an amince da magunguna biyu na raguwar sha'awar mata, Addyi a 2015 da Vyleesi a 2019, amma amfaninsu ɗan kaɗan ne kuma suna da illoli kamar jiri da tashin zuciya. Testostaron kuwa, ƙungiyoyin likitoci na duniya sun cimma matsaya a 2019 cewa hujjar amfaninsa ta tsaya ne ga matan da al'adarsu ta tsaya, a shafa a fata, ɗan mitsitsi, bisa kulawar likita. Allurar maza da wani mai kemis zai soka miki tana kawo ƙuraje da gashin haɓa da kaurin murya, muryar kuma ba lalle ta koma ba.

Ba na gaba da duk abin da ake kira kayan mata. Dabino, aya, kwakwa, kankana, madara da zuma abinci ne, ki sha abinki. Abin da nake tsoro shi ne garin da ba a san me aka zuba ciki ba da kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC, ko a Kurmi aka saya ko a WhatsApp.

Mataki na takwas: maigida

Duk awon nan zai iya fitowa lafiya lau kuma abin yana nan. Macen da ta tashi tun asuba, ta yi girki sau uku, ta shirya yara boko da Islamiyya, ta kwanta ƙarfe sha ɗaya a ɗakin da babu wuta ana zafin Maris, yara uku a gefenta, jikinta barci yake nema. Haka wadda aka yi wa tsawa da rana, ba za ta narke da dare ba. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 19, a zauna da mata da kyautatawa, kuma shimfiɗa tana cikin zaman.

Ki zaɓi lokacin da ba na kwanciya ba, bayan ya ci abinci ya natsu. Ki fara da abin da zai kwantar masa da hankali, domin abin da namiji ya fi tsoro shi ne a ce ba a son sa: "Baban Abba, ba ƙin ka nake yi ba. Na je asibiti, an ce shayarwa ce ta busar da ni, shi ya sa nake jin zafi. An ba ni wannan man, kuma an ce sai ana ɗaukar lokaci kafin a fara." Ki roƙe shi abu ɗaya ko biyu takamaimai, ya ƙara tsawon wasa, ko a mayar da abin bayan asuba lokacin da kika ɗan huta. In zai yarda ya raka ki asibiti ranar komawa, ki tafi da shi, maza sun fi ɗaukar magana daga bakin likita.

Ki ci gaba da rubutu a littafinki bayan an fara magani. Ki ba shi wata uku, sannan ki koma da shi hannun wanda ya duba ki, ku kwatanta shafukan farko da na ƙarshe. In zafi ya tafi amma sha'awa ba ta dawo ba, ki ce a tura ki mataki na gaba, wurin likitan mata ko mai ba ma'aurata shawara.